Daga jajin 'yan taru zuwa tabilet: me za mu saya wa makarantar dare?

Malamin Zango, Agege

Assalamu alaikum jama'a. Muna da makarantar dare a Agege, a shiga bayan isha'i a tashi ƙarfe goma, ajin mata kuma Asabar da Lahadi da hantsi. Ɗalibai sun kai sittin. Mafi yawansu 'yan kasuwa ne da masu dako da masu gadi da ke koyon karatun boko daga tushe, sai matasa kaɗan masu shirin WAEC da JAMB. Wani bawan Allah ya yi alkawarin tallafi, kwamiti kuma ya rabu biyu: wasu sun ce a je Computer Village, kasuwar waya da kwamfuta ta Ikeja, a sayo tabilet goma sha biyar, wasu sun ce a fara da wuta. An ɗora mini in yi bayani ranar Asabar, dattawanmu kuwa ba sa karɓar magana sai da hujja daga abin da ya gabata.

Tun daga buga littafi da gidan waya da rediyo da talabijin har zuwa wayar hannu, wanne ne ya taimaki karatu da gaske a ƙasar nan, wanne ne ya ci kuɗi a banza, kuma me ya jawo? Sannan idan ba tabilet ba, me za mu saya, kuma yaya za mu haɗa shi?

Mai Tarihi, Akoka

Wa alaikumus salam, Allah ya gafarta Malam. Ka fara wa dattawan da abin da suka sani. Wajen 1840 Nana Asma'u 'yar Shehu ta tsara karatun 'yan taru a ƙasar Sakkwato. Matan ƙauye ba za su iya barin gidajensu su tare a gabanta ba, sai aka riƙa naɗa dattijuwa jaji a ba ta malfa, ta zo da ayarinta su karɓi darasi, su koma su koyar, su sake dawowa da tambayoyin mutanensu. A waƙe darasin yake don ya zauna a ka, domin takarda a lokacin daga Italiya take zuwa ta Tarabulus a kan raƙuma, ba kowa ke samunta ba. Abin lura shi ne tambaya tana da hanyar komowa wurin malama. Da wannan za ka auna duk na'urar da ta zo daga baya.

Injin buga littafi ta Kalaba ya shigo a 1846, sannan Abeokuta, inda Henry Townsend ya fara jaridar Iwe Irohin a 1859, shekarar da aka buɗe CMS Grammar School nan Legas. Mu namu ya yi jinkiri: Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fito a Zariya a Janairun 1939, Abubakar Imam na edita. Da aka shiga Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, hukumar adabi ta Jihar Arewa, NORLA, ta yi ta buga ƙananan littattafai da jaridu masu arha. Sun gane cewa babba yana iya haɗa baƙi cikin 'yan watanni, amma in ya koma gida babu abin karantawa, karatun zubewa yake yi. Wannan ya shafi ajinku kai tsaye.

Wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku ta haɗa Legas da Landan a 1886, tarho ya shiga ofisoshin gwamnati a 1893. Duka biyun ba su leƙa aji ba. Na gwamna ne da manyan kamfanoni, kuma kalma-kalma ake biyan tangaraho.

Wanda ya yi aikin shi ne gidan waya, duk da shi ya fi kowa nawa. Isaac Pitman ya fara koyar da gajeren rubutu ta wasiƙa a Ingila a 1840, Jami'ar Landan kuma ta buɗe jarrabawarta ga ɗaliban waje a 1858. Akawu a Legas ko malamin firamare a ƙauye sai ya yi rajista da Wolsey Hall ko Rapid Results College, makarantun koyarwa ta wasiƙa na Ingila, a aiko masa da darasi ƙunshi-ƙunshi, ya amsa tambayoyin ƙarshen kowane darasi, ya manna kan sarki ya aika. Jirgin ruwa daga Apapa zuwa Liverpool kusan mako biyu yake yi, saboda haka kafin takardarsa ta dawo an yi wata ko fiye. Amma tana dawowa da jan biro a jiki: nan ka kuskure, ga dalili, sake wannan. Ta wannan hanya Alvan Ikoku ya sami digirin Landan yana aikin koyarwa a gida. A kan wannan tsari aka gina sashen karatu daga nesa na Jami'ar Legas a shekarun 1970, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna a 1976, lokacin da shirin UPE na ilimin firamare kyauta ya buƙaci malamai da gaggawa. Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wadda ake karatu daga gida, an kafa ta a 1983, aka dakatar a 1984, sai farkon shekarun 2000 aka farfaɗo da ita.

Rediyo ya zo Legas a matsayin akwati mai waya a shekarun 1930: a ja waya daga tasha zuwa gida, ka biya kuɗin wata, ka ji abin da aka sako maka. Hukumar rediyo ta ƙasa, NBC, ta fara a 1957, shekarar da BBC ta buɗe sashen Hausa, gidan rediyo da talabijin na Kaduna a 1962. Da ƙaramin rediyo mai batir ya yi arha, shi ya wayar da kan mutanenmu fiye da komai, wannan ba gardama. Sai dai wayar da kai daban, iya rubuta wasiƙa daban.

Talabijin ne ya fi cin kuɗi. WNTV ta Ibadan ta buɗe ran 31 ga Oktoba 1959, kuma ilimi na cikin manyan dalilan da Awolowo ya bayar. Matsalolin da suka kashe talabijin na makaranta iri ɗaya ne ko'ina: babu wuta, lokacin shirin bai dace da jadawalin aji ba, akwati in ya lalace babu mai gyara kusa, kuma yaron da bai gane ba ba shi da halin tsayar da mai magana. Kodebuwa ta ɗora firamarenta a kan talabijin daga 1971, ta watsar a farkon shekarun 1980. Haka ƙananan kwamfutocin nan na "kowane yaro da tasa" da aka gwada a makarantar Galadima kusa da Abuja a 2007. A Peru, inda aka raba su da yawa, binciken Bankin Raya Ƙasashen Amurka na 2012 bai ga ƙarin maki a lissafi ko harshe ba. Yaran sun iya sarrafa na'urar, nan abin ya tsaya.

Wayar hannu kuwa, kafin ta yaɗu daga Agustan 2001, layukan NITEL masu aiki ba su kai rabin miliyan ba a duk ƙasar. Yau da wuya a sami ɗalibinku da ba shi da waya a aljihu, ko da ƙarama ce mai madannai. Ra'ayina: kada ku sayi abin da ya riga ya shigo aji da kansa. Ku kashe kuɗin a kan wuta, takarda, da alawus ɗin wanda zai duba aikin ɗalibai.

Malama Idi-Araba

Malam Mai Tarihi ya yi bayani, Allah ya ƙara basira, amma ban yarda a bar rediyo a wayar da kai kawai ba. Ya danganta da yadda aka tsara darasin. A 1974 masana daga Jami'ar Stanford sun fara koyar da lissafin firamare ta rediyo a Nikaragua, kuma abin da ya bambanta nasu shi ne ba lacca ake yi ba. Muryar ta yi tambaya, ta yi shiru, yara su amsa da ƙarfi ko su rubuta, sannan ta faɗi amsa, malamin aji yana zagayawa yana duba littattafai. Ƙasashe da dama sun ɗauki salon. Da aka rufe makarantu a Maris 2020, Jihar Legas ma ta sa darussa a rediyo da talabijin, sai dai wanda lokacin ya same shi a kasuwa ya rasa ke nan. Kaset ya riga ya magance wannan tun tuni, shi ya sa tafsiri da wa'azi suka shiga kowane shago: kana iya mayarwa baya. Memori shi ne kaset ɗin yau, kuma ƙaramar waya mai madannai tana karanta shi.

Ga yadda za ku yi, Malam. Kowane darasi kada ya wuce minti 15, abu ɗaya tak a ciki, kuma ya tafi da takarda guda mai lamba iri ɗaya da tasa. A rubuta abin da za a faɗa kafin a ɗauka. Duk bayan minti ɗaya ko biyu a sa umarni: "ɗora yatsa a layi na uku", "rubuta ƙa, ƙi, ƙu", "karanta kalmar da ke ƙarƙashin hoton buhu". Bayan umarni a bar shiru na gaske, daƙiƙa biyar in amsar baki ce, ashirin zuwa talatin in rubutu ne. Nan masu ɗauka suka fi kuskure, shirun yana yi musu tsawo sai su yanke, alhali mai koyo bai ko gama riƙe fensir ba. Murya biyu ta fi ɗaya, ɗaya na tambaya ɗaya na amsawa, kuma ga ajin mata a samu mace a ciki. Misalai su fito daga sana'arsu: rasit, lambar mota, saƙon banki, sunan tasha a jikin bas, lissafin kwandon tumatir a Mile 12.

Wajen ɗauka, waya mai kyau ta isa. A ajiye ta taki ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar "fa" da "ba" ta buge ta. A kashe fanka, a sa waya a yanayin jirgin sama, a zaɓi ɗaki mai labule da katifa domin ɗakin da babu kaya amsa-kuwwa yake yi. Lokaci mafi kyau a Agege bayan asuba ne, kafin janareto da injin markaɗe su tashi. A gyara da manhajar Audacity, kyauta ce, a fitar da shi MP3, layin sauti ɗaya, 32 kbps. A haka minti ɗaya 240 KB ne, darasin minti 15 bai kai 4 MB ba. Bidiyo mai matsakaicin kyau na tsawon nan ya haura 100 MB, kusan ninki talatin. Memori mai 8 GB zai ɗauki darasi sama da dubu biyu, ba za ku taɓa cika shi ba.

Abubuwan da ke ɓata aiki kaɗan ne amma kullum su ne. Saƙon murya na WhatsApp ba MP3 ba ne, ƙananan rediyoyi masu ramin memori da wayoyi masu madannai da yawa ba sa buɗe shi, dole a juya. Memorin a yi masa fomat da tsarin FAT32, kada ya wuce 32 GB. A sa wa fayil suna 001, 002, 003, a kuma kwafa su bi da bi, don wasu rediyoyin ba suna suke bi ba, wanda ya fara shiga shi suke fara sakawa. Memorin jabu ya cika kasuwa: a jiki an rubuta 32 GB, a ciki bai kai ba, yana cika sai ya riƙa cinye tsofaffin fayiloli. A gwada kowane da manhajar H2testw kafin a raba.

Sai babban abin. Kowane ɗalibi ya kawo takardarsa daren da ya biyo, a duba a gabansa, a gyara da jan biro, a rubuta lambar darasin da ya kammala a rajista. Mai dubawa ɗaya ga mutum goma sha biyar zuwa ashirin. Matasanku masu shirin JAMB za su iya wannan aiki in an ba su ɗan alawus.

Wajen buga takardun, ku tabbata ƙ, ɗ, ɓ sun fito da lanƙwasarsu. Gboard yana da Hausa a waya. A mayar da takarda PDF kafin a kai wurin bugawa, in ba haka ba kwamfutar mai shago ta mayar da su akwatuna. Ga waɗanda suka iya ajami, akwai salon rubutu mai suna Alkalami da aka yi a kan hannun Kano. Sa ajami a gefen boko a darussan farko yana sauƙaƙa wa wanda ya yi makarantar allo ƙwarai, tunda ya riga ya san baƙi da wasali.

Injiniya Ikeja

Malam, masu cewa a fara da wuta su ke da gaskiya, ga lissafin da za ka nuna wa kwamiti.

A dare ɗaya, in aka ninka wat da awa don a sami Wh: ƙwai huɗu masu wat 10 na awa uku, 120. Fanka biyu masu aiki da batir, wat 20 kowace, awa uku, 120. Laftof ɗaya wat 45 na awa huɗu, 180. Ƙaramin majigi wat 100 na awa biyu, 200. Cajin waya ashirin, kowace kamar 12, ya zama 240. Jimla 860 Wh. Inbata tana cin nata, saboda haka ka ɗauka 1,000 za a zara daga batir.

Kada a auna farantin sola da ranar Janairu ko Maris. A Legas daga Yuni zuwa Agusta hadari ne, ka lissafa awa uku na rana mai ƙarfi, ka kuma cire kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da asarar waya. Awa ukun nan sun koma 2.25 ke nan, 1,000 a raba da 2.25 ya ba ka kusan wat 445. Ku sayi faranti ɗaya mai 550 ko biyu masu 300. Batir kuwa, in mai ruwa ne 12V 200Ah, yana ɗauke da 2,400 Wh amma rabi kawai ake taɓawa, in ana zuƙe shi ƙasa da haka kullum ba zai yi nisa ba. Litiyam irin LiFePO4 mai 100Ah yana da 1,280 Wh, ana iya cin kashi 80 zuwa 90, ya fi tsada a farko amma ya fi daɗewa kuma ba a zuba masa ruwa. Kwantirola, wato mai daidaita caji tsakanin faranti da batir, ta zama irin MPPT mai amfiya 50 ko 60, inbata 1kVA mai tsabtatacciyar wuta (pure sine wave).

Wajen haɗawa, batir ake fara jonawa da kwantirola, sannan faranti. In aka juya, kwantirola na iya ƙonewa. Waya tsakanin batir da inbata ta zama jan ƙarfe zalla mai kauri 25mm², gajera, da fis mai amfiya 100 dab da kan batir na ja. A kasuwa akwai wayar alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe, ka kankare bakinta da wuƙa, in fari ya bayyana ka ajiye. Batir mai ruwa a duba shi duk wata, a ƙara ruwan batir tatacce, ba asid ba, ba fiya wata ba. Damshin Legas yana sa kawunan batir tsatsa, a goge a shafa man gris. A wanke faranti lokacin hunturu. Sannan a kulle soket, domin abin da ya fi kashe solar makaranta shi ne wani ya jona dutsen guga ko hita da rana.

Tabilet goma sha biyar ban ba da shawara ba. Masu arha gilashinsu da ramin cajinsu ke fara mutuwa, batirin a manne yake, kayan gyaransu ba sa samuwa ko a nan Ikeja. Ga kuma tambayar wa zai kwana da su. Abin da ya fi shi ne laftof ɗaya da rauta ɗaya, wato na'urar raba Wi-Fi, ba tare da intanet ba. A sa manhajar Kolibri ko Kiwix a laftof, a sauke darussa da Wikipedia ta Hausa da ta Turanci sau ɗaya a inda intanet ke da ƙarfi, a zuba darussan muryar da Malama ta bayyana. Duk mai babbar waya ya kama Wi-Fi na makaranta ya buɗe, ba ya kashe ko sisi na data. Ƙaramar rauta takan fara shaƙewa in masu kallon bidiyo sun haura goma sha biyar, sai a raba su rukuni. Wani amfanin kuma, ranar 14 ga Maris 2024 da wayoyin ƙarƙashin teku huɗu suka yanke a gaɓar Kodebuwa, intanet ya yi kwanaki yana wahala a Legas har bankuna suka ji a jikinsu. Abin da ke cikin laftof ɗinku ba ruwansa da wannan.

Malamin Zango, Agege

Allah ya saka da alheri, na sami abin faɗa. Saura masu JAMB, Injiniya. Masu son tabilet hujjarsu ita ce jarrabawar a kwamfuta ake yi, yaranmu kuma wasu ba su taɓa zama gabanta ba.

Injiniya Ikeja

Hujjarsu tana da ƙarfi, Malam, amma ba tabilet take nunawa ba. JAMB ta fara jarrabawar kwamfuta a 2013, ta koma kanta gaba ɗaya a 2015, kuma a zauren madannai da linzami yaro zai tarar, ba gilashin shafawa ba. Tambaya 180 ce cikin awa biyu, Turanci 60, sauran darussa uku 40-40, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. Ana iya amsawa da madannai kaɗai: A, B, C, D na zaɓi, N na gaba, P na baya, S na miƙawa. Wanda hannunsa bai saba ba yakan ɓata mintuna yana neman harafi, ko ya miƙa kafin ya gama.

Laftof tokumbo uku sun ishe ku, irin na ofis kamar ThinkPad ko Latitude, Core i5, RAM 8 GB, da SSD. Kafin a biya, a buɗe shafin rubutu a danna kowane harafi, a cire caja a bar ta minti talatin a ga yadda batir ke sauka, a shiga BIOS, shafin saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, a tabbata babu kalmar sirri, a duba maƙallan murfin ba su tsage ba. A sayi linzami mai waya ga kowace, da manhajar gwajin JAMB mai aiki ba intanet. Kowane yaro ya zauna cikakkiyar awa biyu da agogo aƙalla sau ɗaya a mako, malami ya bi tambayoyin da ya faɗi tare da shi a daren. Laftof ukun nan za su ƙara kusan 270 Wh a dare in kowace ta yi awa biyu, don haka ko dai a yi gwajin da rana lokacin da faranti ke ba da wuta kai tsaye, ko a ƙara faranti zuwa wat 600 a ɗauki batirin litiyam mai 150Ah.